Jerin Karatun Hutun da Ya Fitar da Ni Daga Gidan Baba

Kun sha tambayata dalilin da ya sa aka haife ku a gidan haya a Sabon Gari, alhali ga gidan kakanku nan a Fagge, ɗaki tara, rabinsu a kulle. Na kuma san amsar da kuka samu a bakin dangi, wai kakanku mutum ne mai zafin rai, ya kore ni. Bai kore ni ba. Da ƙafata na fita. Yanzu idona ya fara gajiya, waɗanda suka ga abin kuma duk sun rasu in ban da mahaifiyarku, don haka gara in rubuta muku shi yadda ya faru, kada ku ci gaba da ɗora wa mamaci laifin da ba nasa ne shi kaɗai ba.

'Yan shekaru ne kafin a ba ƙasar nan mulkin kai. Ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata makarantar elementare a Fagge. Baba, wato kakanku Alhaji Bukar, Babarbare ne, amma yana goye iyayensa suka zo da shi Kano, kuma atamfa da shadda yake sayarwa. 'Ya'ya maza shida Inna ta haifa masa, ni kaɗai na rayu. Shi ya kai ni boko da hannunsa a lokacin da abokansa ke cewa ya jefar da ɗa, ranar da na kama aiki kuwa rago ya yanka. In baƙo ya zo rumfarsa, kafin a gama gaisawa ya san cewa ɗan Alhaji malamin makaranta ne.

Baba yana da amini guda, Malam Raufu, Bayarabe Musulmi mutumin Ilori, mai shagon littattafai a Sabon Gari kusa da kasuwa. Sun haura shekara ashirin tare. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci Baba Raufu zai biyo Baba gida, su ci abinci a kwano ɗaya, su yi ta gardama a kan abin da bai taka kara ya karya ba har la'asar. A shagonsa na koyi son karatu. Littattafan addini suna kantar sama, na boko a ƙasa, ni kuma tun ina ƙarami nakan zauna a kan akwatin tawada in karanta abin da na ga dama, bai taɓa cewa na ɓata masa takarda ba. Da na zama malami sai ya sa mini suna Malam Ƙarami.

Abin da ya dame ni a wurin koyarwa shi ne dogon hutun damina. Yaran da na sha wuya har suka iya haɗa jimla, sai su dawo kamar ba su taɓa ganin baƙi ba, don iyayensu sun kwashe su zuwa kasuwa da tasha. A shekarar nan na yi niyyar in sallame su da jerin littattafan da za su karanta a hutu. Na kuma yi dabara: in jerin ya ƙunshi abin da zai amfani uba da uwa, su da kansu za su zaunar da yaro ya karanta musu. Na kai wa Baba Raufu shawarar, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce zai ba ni aron akwati guda cike, a ajiye a zauren gidanmu, mai so ya ɗauka ya mayar. Yamma uku muka yi muna zaɓe. A layin yara muka sa littafin tatsuniyoyi mai hotuna, da na kacici-kacici, da labarin wani ɗan fatake da ya ɓace wa ayarinsu, da na dabbobin daji, da wani ɗan wasan kwaikwayo da mutum huɗu za su iya yi a tsakar gida, da na lissafi cikin wasa. A layin manya muka sa tarihin garuruwa, da waƙoƙin wa'azi, da littafin kula da jariri, da na taurari da lokutan shuka, da na yadda ake rubuta wasiƙa, da labarin wani da ya je Makka a ƙasa. Goma sha biyu ke nan, kuma da nan na tsaya da ba ku da abin karantawa yau.

Muna shirin rufe akwatin na hango wani ɗan siririn littafi a bayan kanta, bai fi shafi ashirin ba, an buga shi a kudu, babu sunan wanda ya rubuta. Bayani ne da Hausa mai sauƙi a kan abin da talaka zai yi in an kai shi gaban shari'a: cewa yana da ikon a gaya masa laifinsa, ya kira shaidunsa, ya nemi takardar hukunci, ya ɗaukaka ƙara in bai gamsu ba. A tsaye na karance shi. Na ce wannan ma ya shiga. Baba Raufu ya karɓe shi daga hannuna, ya juya shi gaba da baya.

"Malam Ƙarami, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ba kowa ke son a ji shi ba. Ka bar shi nan."

"Baba, doka ce fa ta ƙasa. In ba laifi ba ne a rubuta ta, ta yaya zai zama laifi a karanta?"

"Kai yaro ne," in ji shi. Amma ya saka shi a akwatin.

Ku riƙe wannan da kyau: ni na nace. Na san kuma irin lokacin da muke ciki. Siyasa ta yi zafi a Kano, ana kama mutane saboda taro ba izini, an tara mu malamai an gargaɗe mu kada a ga ƙafar ɗayanmu kusa da wata jam'iyya. Ni ba na kowace jam'iyya, sai na ɗauka wannan ya ishe ni kariya. Na zauna da takardar kabon na kwafe jerin sau arba'in da hannuna, na buga hatimin makaranta a kan kowanne, na raba wa yara ranar da aka ba da hutu.

Mako uku na farko ban taɓa jin daɗin aiki irin nasu ba. Kowace Litinin da Alhamis bayan la'asar zauren Baba yakan cika. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ari littafin taurari, ya dawo da shi yana faɗa wai marubucin bai san damina ba, sa'an nan ya sake ɗauka. 'Yan mata huɗu suka yi wasan kwaikwayon a bayan gidanmu har aka fasa tulu. Mahaifiyarku Hajara, wadda a lokacin take da cikin wata bakwai na 'yar farinmu Yagana, ita ke karanta wa Inna littafin kula da jariri, Inna tana tsinke zogale tana musu da kowane shafi, amma in an tsaya sai ta ce a ci gaba. Baba kansa, da ba ya karanta boko, yakan jingina da bango in karanta masa tafiyar Makka, yana gyara wa marubucin sunayen zango.

A mako na huɗu wani tela mai suna Ɗanjuma, uban ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya yi rigima da wani mai ƙarfi a kan iyakar rumfa, aka kai su gaban shari'a, aka ba shi rashin gaskiya. Da can da sai ya durƙusa ya yi godiya ya tafi. Ran nan sai ya ce a ba shi takardar hukunci, zai ɗaukaka ƙara. Aka tambaye shi wa ya koya masa wannan magana. Shi kuwa, ba da mugun nufi ba, da alfahari ma, ya ce ɗansa ne ya karanta masa a littafin makaranta, ya zaro jerin daga aljihu ya miƙa. Ga rubutuna, ga hatimi.

Ranar Litinin da safe, ana yayyafi, hedimastanmu Malam Garba ya zo ƙofar gida a kan keke. Bai sauka ba, bai kuma yarda ya shiga zaure ba. Ya ce in sa riga in bi shi, ana nemana a ofishin da ke kula da makarantu. A hanya bai ce mini komai ba sai sau ɗaya, da muka tsaya jirgi ya wuce.

"Mustafa, hatimin nan da ka buga, da izinin wa?"

Da izinin kowa ban buga shi ba. Jirgin ya wuce, muka ci gaba.

Babban jami'in da muka tarar ba zan kama sunansa ba, jikokinsa suna nan da rai. Mutum ne mai sanyin murya, bai ɗaga ta ko sau ɗaya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Jerin yana kan teburinsa, an ja wa na goma sha uku layi da jar tawada. A bakin ƙofa ɗan doka yana tsaye. Ya bar ni a tsaye ya karanta jerin da ƙarfi tun daga sama, a hankali, yana gyaɗa kai a kan kowane littafi kamar mai yabo, har ya iso na ƙarshe.

"Tatsuniya, tarihi, kula da jariri. Madalla da malami. Wannan kuma daga ina?"

"Ranka ya daɗe, ni na sa shi."

"Na ga rubutunka. Ban tambaye ka wanda ya sa shi ba. Wa ya ba ka?"

Ya ce in daina wahalar da kaina, sun san akwatin daga Sabon Gari ya fito, sun san kuma wanda ke cin abinci a gidanmu ran Juma'a. Amma zato bai isa a rufe wa mutum shago ba, shaida suke so a rubuce. In na rubuta layi biyu na sa hannu, za a ɗauka kuskuren ƙuruciya ne, in koma ajina bayan hutu. In ban rubuta ba, ni ne mai shigo da takardun siyasa makaranta. Ya ba ni zuwa Alhamis da hantsi. Kafin in isa gida an riga an zo an ɗauke akwatin, an bar tabarmar zauren a naɗe.

Gidanmu bai taɓa yin irin wannan shiru ba. Inna ta sa tukunya ta manta da ita har ta kama. Da na gaya musu yadda aka yi, ita ta fara magana, tana share ido da gefen mayafi.

"To ai ba ƙarya aka ce ka yi ba. Shi ya ba ka. Gaskiya za ka rubuta."

Wannan magana ta Inna ita ta fi tsaya mini a wuya, don ban sami abin da zan kayar da ita ba. Baba ya miƙe. Ya ɗauki carbinsa ya fita rumfa, da azahar aka kai masa abinci ya dawo da shi ko buɗewa bai yi ba. Na shiga ɗaki na tambayi Hajara ra'ayinta. Tana zaune ta miƙe ƙafafu saboda kumburi.

"Malam, in ka sa hannu zan ci tuwo a gidan nan. In ba ka sa ba, zan ci ko na dusa ne. Abu ɗaya nake roƙo, duk wanda ka zaɓa, kada wata rana ka ce saboda ni da cikin nan ka yi."

Ran Talata na tafi Sabon Gari. Tun daga nesa na ga wani mutum da ban sani ba zaune a bencin mai shayi, daidai ƙofar shagon, kofi a gabansa ya huce bai sha ba. Na wuce ta gabansa na shiga. Baba Raufu yana bayan shago a tsugune gaban kurfotin gawayi, yana cusa ragowar kwafin littafin ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya cika wurin. Na yi zaton zai yi mini faɗa, ko ya tuna mini cewa ya hana ni. Bai yi ko ɗaya ba.

"Mutum tara ke ci a shagon nan," in ji shi, idonsa a kan wuta. "Ba zan roƙe ka ba, Malam Ƙarami, kai ma kana da naka. Amma ka san bambancinmu. Kai ɗan gari ne, faɗa za a yi maka. Ni ko na shekara ɗari a nan, ranar da aka ga dama za a ɗora mini kayana a ka."

Na rantse masa cewa sunansa ba zai fito daga alƙalamina ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce in fita ta ƙofar baya.

Ran Laraba da azahar Baba ya dawo gida, abin da ba ya yi. Ya kira ni zaure, ya sa na rufe ƙofa. Na durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya tambaye ni abin da na yanke. Na ce zan rubuta cewa ni na zaɓi littafin, ni na kwafe jerin, ba ruwan kowa.

"Sai a kore ka."

"In Allah ya ƙaddara, Baba."

"Kada ka kawo mini Allah a nan, na riga ka saninsa. Kora kawai kake gani? Ka san inda ake kai masu takardun siyasa? Ka ga yadda suke fitowa?" "Biyar na binne da hannun nan. Biyar. Kai kaɗai aka bar mini."

"Baba, a kwano ɗaya kuke ci da Baba Raufu."

Na ga maganar ta shige shi. Ya runtse ido.

"Kai za ka gaya mini wane ne Raufu? Tun ba a haife ka ba nake tare da shi. Raufu ɗan'uwana ne. Amma shi babba ne, ya ga duniya, in an ture shi zai tashi a wani wuri. Kai fa? Kuma wa ya jawo masa wannan? Ni ne na ce a sa littafin a akwati?"

Ya ce a matsayinsa na uba ya umarce ni in rubuta. Ban taɓa saɓa masa ba tun da na yi wayo. Na sunkuyar da kai na ce ya gafarce ni, na riga na yi rantsuwa. Ya tashi ya zura takalmi ya fita, bai ko ɗauki hularsa ba, sai da Inna ta bi shi da ita har ƙofa. Na ɗauka rumfa ya koma.

Alhamis da hantsi na isa ofis da takardata a aljihu. Jami'in ya karanta, ya ninke ta gida biyu ya ajiye gefe. Sa'an nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takardar ya tura mini. Rubutun magatakardansu ne, layi huɗu, an ambaci sunan Malam Raufu da shagonsa da ranar da aka kawo akwatin. A ƙasa ga dangwalen yatsa, a gefensa kuma ga suna da ajami, da irin wannan karkataccen rubutun da na sani a kan kowane ƙunshin atamfa a gidanmu.

"Mahaifinka ya zo jiya bayan la'asar," in ji shi. "Dattijo ne mai hankali. Abin da muke nema mun samu. Sai dai shi ba ma'aikacinmu ba ne, kai muka tambaya. Ga wuri nan ƙarƙashin nasa. Sa hannu ka tafi."

Ya miƙo mini alƙalami. Ku lura da wannan wuri, don a nan ne duk abin yake. Baba Raufu ya riga ya faɗa hannunsu. Sa hannuna ba zai ƙara masa komai ba, rashinsa kuma ba zai rage masa komai ba. Malam Garba yana bayana, ina jin numfashinsa, ya matso ya raɗa mini, "Sa mana, Mustafa, don Allah." Na dubi alƙalamin, na dubi yatsan Baba a kan takardar. Na ce ba zan sa ba. Jami'in ya tambaye ni sau uku, sau uku na ƙi. Ya mayar da murfin alƙalaminsa, ya ce wa Malam Garba ya nemi wani malamin aji huɗu. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa rantsuwata na riƙe. Yau da na tsufa ban tabbata ba. Ina jin rabinsa rantsuwa ce, rabi kuma so nake Baba ya ji zafi.

Na tarar da shi a zaure yana jirana, a tsaye.

"Ka sa hannu?"

"Ban sa ba."

Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Sai ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa, ba tabarma.

"Ashe a banza na sayar da Raufu."

Na tsallake shi na shiga gida.

Ba a ɗaure ni ba, kuma na daɗe kafin in yarda cewa takardar Baba ce ta hana. Shi kuwa Baba Raufu, a ranar aka je shagonsa, aka kwashe littattafai a amalanke uku, har da na addini, aka tsare shi 'yan kwanaki. Da aka sake shi an karɓe masa izinin shagon. Kafin wata ya cika ya sayar da abin da ya saura, ya tattara iyalinsa. Ranar da za su tafi na je tasha da safe. Baba bai je ba. Na taya su ɗora kaya, na tsaya gefen taga. Ya rame, gemunsa ya yi fari a 'yan kwanakin nan. An riga an nuna masa takardar, ya san wanda ya dangwala. Da jirgi ya yi kuka sai ya leƙo ya kama wuyan hannuna.

"Ka gaya wa Bukar na yafe. Ka ce masa da ɗana ne a wurinka, ban san abin da zan yi ba. Ka ce ya aiko mini da wasiƙa. Ka ji ko, Malam Ƙarami? Ka gaya masa yau."

Na ce na ji.

Ban gaya masa ba. A makon nan na kama ɗaki biyu a Sabon Gari na kwashe Hajara. Inna ta yi kuka, ta riƙe mini riga, Baba yana ɗakinsa bai fito ba, bai kuma hana ba. A can aka haifi Yagana. Na yi shekara guda ina rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tasha, a kan akwati, kafin na sami aikin akawu a wurin wani mai sayen gyaɗa. Mahaifiyarku ta ci tuwon dusar da ta ambata, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Ban yanke zumunci ba, kada ku ɗauka haka. Kowace Juma'a nakan je Fagge in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, in tashi. Ina ganin kwanonsa a gefe, shi kaɗai yake ci, ya rage fita, ya daina gardama da kowa. Saƙon yana bakina kowace Juma'a, sai in ce bari sai mako mai zuwa, bai gama biya ba tukuna. Haka na yi shekara huɗu.

Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, Inna ta aiko cewa in zo da rana tsaka. Na same shi a kwance, ya zama rabin yadda yake. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ko Raufu yana raye?" Karo na farko ke nan da ya ambaci sunan tun ranar Alhamis ɗin nan. Sai kawai na ji maganar ta fito. Na faɗa masa duka, kalma da kalma, har da "ka gaya masa yau".

"Yaushe ya faɗi haka?"

"Ranar da suka tafi, Baba. A tasha."

Ya ƙirga da yatsu a kan bargo, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na jira ya zage ni, ko ya yi mini baki, kuma da ya yi da na ce ya yi daidai. Hawaye kawai na ga yana gangarawa cikin kunnensa.

"Ɗauko takarda," in ji shi.

Yana faɗa ina rubutawa, har shafi uku. Bai kare kansa ko sau ɗaya ba. Ya tambayi lafiyar kowane ɗa da sunansa, ya ba shi labarin waɗanda suka mutu a kasuwa, ya ce in ya sami sauƙi zai hau jirgi ya zo Ilori su ƙarasa wata gardama da suka bari a kan watan azumi. Da kaina na kai gidan waya. Daga ranar kullum in na shigo sai ya dubi hannuna kafin ya dubi fuskata.

Amsa ta zo bayan mako biyar. Ba rubutun Baba Raufu ba ne, na babban ɗansa ne. Na buɗe a zaure na karanta ni kaɗai, na daɗe a tsaye ina tunanin ko in sauya abin da ke ciki, tun da Baba ba zai iya dubawa ba. Sai na ga na riga na ɓoye masa abin da ya isa. Na shiga na zauna a bakin gadonsa na karanta masa yadda take. Yaron ya ce mahaifinsu ya rasu damina biyu da suka wuce. Ya ce bai sake buɗe shago ba, amma har ya kwanta ciwo, duk ranar da jirgin Kano ya iso yakan aika a duba masa gidan waya.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi takardar ya riƙe ta a ƙirjinsa, ko da yake ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a ciki. Na faɗi a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ɗora hannu a kaina, ya bar shi a nan ya daɗe.

"Tashi, Mustafa," in ji shi. "Kawo mini buta. Mu yi masa addu'a, mu biyun da muka cuce shi."